Muryar mai gyaran agogo daga Gusau kan maganar juwel

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya turo hoton agogo biyu, ɗaya juwel 21, ɗaya 35, na san abin da kake son ji shi ne ko mai 35 ɗin ya kai ninkin kuɗin da anka yanka maka. Bai kai ba.

Wanga juwel ba lu'ulu'u ba ne. Jan dutse ne na masana'anta, bai kai ƙwayar gero ba, ana dasa shi inda ƙarfe ke juyawa don kada ya cinye ɗan'uwansa. Agogon da ake yi wa wani da hannu, 17 sun ishe shi. Otomatik ya ɗan ɗara. In ka ga adadi ya yi yawa a agogo maras suna, yawanci talla ce.

Kuma wallahi maganar nan tana ci min rai. Wani bawan Allah ya kawo min agogo ƙurar hunturu ta daskare da mai a ciki, na wanke, na sa sabon mai, ya dawo wai na sace mishi duwatsu. In kai wa wa? Wa ka taɓa gani yana sayen su a kasuwa? Har makwabtan shago sunka taru. Na buɗe, na ba shi gilashin ido na ce ƙirga, ya ce shi bai iya ba. To da mi ka gane an sata? Kai, a bar zancen.

Mai 21 ɗin nan, in Seiko 5 ne na gaske, galibi injin 7S26 ne, bugu 21,600 a awa, ba a yi mishi wani, girgiza shi ake. Jaki ne, kuma kayan gyaransa ba su wuya. Injin ETA 2824-2 na Suwizalan juwel 25 kacal gare shi, bugu 28,800, kuma manyan kamfanoni sun yi ta sa shi.

Ka saita shi da wayarka bayan asuba, ka duba gobe war haka. Masu takardar COSC ma, wato shaidar gwajin daidaiton lokaci ta Suwizalan, an yarda su yi latti da sakan 4 ko su wuce da 6 a rana, Seiko in ya kauce da 20 ba laifi. In yana gudu da mintoci, galibi maganaɗisu ya kama, an aje shi kan sifika.

Amma fa na jabu sun yi yawa, fuska Seiko, ciki wani abu daban. Kada ka biya sai an buɗe bayansa a gabanka. In mai shi ya ƙi, ka bar mishi kayansa.