Kafaɗa Mai Yawan Gocewa: Me Ya Samu Ƙashin?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 22, kafaɗata ta dama tana yawan gocewa, har a cikin barci. An yi mini hoto aka ce kan ƙashin damtsena ya lotsa. Zai cike da kansa?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da jiki. Gaskiya ba ya cikewa. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbinsa kuwa ba shi da zurfi, kamar ƙwallo a kan ɗan faranti. Yawanci gaba yake gocewa, sai bayansa mai taushi ya daki bakin gurbin mai tauri, ya lotsa. Likitoci na kiran wannan rauni Hill-Sachs, da sunan likitocin hoto biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1940.

Duk gocewar da aka ƙara, ramin na ƙara faɗi, bakin gurbin ma na cinyewa, ga guringuntsin da ke kewaye da shi ya riga ya yage. Da zarar ka ɗaga hannu gefe ka juya shi baya, kamar za ka yi jifa, sai ramin ya maƙale a bakin gurbin ya ɓalle kafaɗar. Tunda har a barci take fita, kada ka yi jinkiri.

Nemi likitan ƙashi ya yi hoton CT, shi ke auna yawan ƙashin da ya tafi. Idan ramin ƙarami ne, ɗinke guringuntsin ya wadatar. Idan yana maƙalewa, ana haɗawa da cusa jijiyar naman bayan kafaɗa a cikinsa a ɗaure, sai dai juya hannu waje kan ɗan ragu. Idan kuma bakin gurbin ya rasa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ɗinki kaɗai kan warware. A nan ake aikin Latarjet, wanda aka fara a Faransa a 1954: a yanko guntun ƙashi daga gaban allon kafaɗa, a kafa shi a bakin gurbin da ƙusoshi biyu.

Atisayen ƙarfafa nama na da amfani, amma ba ya mayar da ƙashi. Kafin ka ga likita, daina kwanciya da hannu a bayan kai. In ta sake fita, kada kowa ya fizge ta da ƙarfi, kuma in gefen kafaɗar ya yi sanyi ba ka jin taɓawa, garzaya asibiti a ranar.