Fatawa: Yaron da 'yan'uwansa yara suke tsangwama, wa ke ɗauke da alhakinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 12 yana da in'ina. Yaran unguwa sun laƙaba masa suna, suna kwaikwayon maganarsa, har wani ya ɗauke shi a waya aka yi ta turawa a WhatsApp. Yanzu ya daina zuwa Islamiyya, ba ya cin abinci sosai, da dare sai ya farka a firgice. Mu iyaye mata mun so a kafa kwamiti tare da liman da mai unguwa, amma wasu dattawa sun ce ba a shiga faɗan yara, an ɗauke musu alƙalami, kuma koya wa yaro kai ƙara koya masa gulma ne. Mahaifinsa kuma yana ganin kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa rashin tawakkali ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki, baiwar Allah, da kika lura da shi tun da wuri.

Abin da ake yi wa ɗanki zalunci ne, kuma Alƙur'ani ya ambace shi da sunansa. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya hana aibanta juna, ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi, sannan ya ce wanda bai tuba ba yana cikin azzalumai. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya, ɗaya ya yi barci, sai wani ya ɗauke masa igiya, ya farka a firgice. Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Igiya ce fa, cikin raha, tsakanin manya. To ina ga yaro da aka firgita har ya ƙaurace wa makarantar Alƙur'ani?

Na san za a ce ai mu mutanen barkwanci ne. Haka ne, muna da wasan taubasai, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari. Amma wannan wasa kowa yana ramawa, a tashi ana dariya tare. Inda goma suka taru a kan ɗaya, suka riƙe aibin halittar da bai zaɓar wa kansa ba, kullum shi ke komawa gida da hawaye, an fita daga wasa. Lokacin da sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi bn Mas'ud, Annabi (SAW) bai bar maganar ta wuce ba, ya ce ƙwaurin nan ya fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Dattawan sun faɗi gaskiya cewa an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, sai dai sun ajiye hadisin a inda ba muhallinsa ba. Abin da aka ɗauke shi ne rubuta zunubi. Haƙƙin wanda aka cuta yana nan. Imam Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa babu ƙisasi tsakanin yara, gangancinsu ana ɗaukarsa kuskure ne, kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta bayyana cewa diyyar raunin tana kan dangin yaron da ya yi raunin idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya, in ba ta kai ba a fitar daga dukiyarsa. Ashe ke nan Shari'a tana shiga faɗan yara. Kuma alƙalamin bai tashi daga kan uba da uwa da malami da mai unguwa ba, domin kowannensu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa. Babban da ya gani ya kawar da kai alhali yana da ikon hanawa, shi ake rubuta wa.

Kai ƙara kuwa ba gulma ba ce. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai daga wanda aka zalunta. Malamai sun lissafa kai kuka ga mai ikon cire zalunci cikin wuraren da ambaton laifin mutum ya halatta. Ku koya wa yara wannan a sarari, har da yaron da ya gani ba shi aka yi wa ba.

Saboda haka kwamitin da kuke nufi halal ne, kuma idan cutar ba za ta tsaya ba sai da shi, ya zama farilla a kan jama'ar unguwa, wasu su ɗauke wa wasu. Amma ina da sharaɗi, kuma ina roƙon a riƙe shi. Kada kwamitin ya zama kotun bulala. Annabi (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko azzalumi ne, ta hanyar hana shi zalunci. Sau da yawa yaron da ke cin zali shi ma da zagi da duka yake karyawa a gidansu. A kira iyayensa a asirce, a sa ya nemi gafara, a goge bidiyon daga wayoyi, babban da ya tura shi kuma ya tuba, don shi baligi ne. Kada a tara yara a tozarta shi a gabansu. Liman ya yi huɗuba ba tare da kama suna ba, malaman Islamiyya su sa ido a lokacin tashi da kan hanyar gida, inda abin ya fi faruwa.

Ga maigidanki, ki gaya masa da ladabi cewa wanda ya fi kowa tawakkali, Annabi (SAW), shi ne ya ce: ku yi magani, bayin Allah. Shi ne kuma yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, shi ne ya tsaya yana rarrashin ƙanen Anas, Abu Umair, a kan ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Ƙin abinci da firgita da guje wa mutane alamu ne da likita ya kamata ya gani, kuma ganin likitan ba ya nufin yaro ya haukace. A fara da asibitin da ke kusa; in da buƙata za su tura ku asibitin ƙwararru irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. A haɗa da addu'a da azkar na safe da yamma. Idan kuwa kika ji ya ambaci gajiya da rayuwa ko son mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar, wannan wajibi ne a kan mahaifinsa.

Wallahu a'alam.