Ejan ya ce in ɓoye kwalejin da nake yi kafin Amherst ta ɗauke ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina shekara ta biyu a wata kwalejin al'umma (kwaleji mai karatun shekara biyu) a jihar Maryland ta Amurka da bizar karatu. A zangon farko mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a gida, hankalina ya rabu biyu, na samu C a darussa biyu. Yanzu matsakaicin makina ya hau 3.7 cikin 4. Burina in yi taransifa zuwa Amherst ko Smith. Wani ejan ya ce min waɗannan kwalejojin ba sa kallon masu taransifa, gara in nema a matsayin sabuwar ɗaliba da sakamakon WAEC kawai, in yi shiru da batun kwalejin da nake. Wallahi abin ya hana ni barci. Ina da dama kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Kina da dama, amma ƙofar ƙarama ce. Kwalejoji irin Amherst da Williams, kowacce ɗalibanta gaba ɗaya ba su wuce 2,000 da ɗoriya ba, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan shekarar farko suna dawowa. Kujerar mai taransifa yawanci ta wanda ya tafi ce, shi ya sa guraben ba su da yawa. Sai dai Amherst ta daɗe tana neman ɗaliban kwalejojin al'umma da kanta, haka ma Smith da Mount Holyoke, waɗanda na mata ne. Makin da ya faro ƙasa ya yi ta hawa, kamar naki, labari ne da masu tantancewa suka san yadda ake karanta shi.

Yanzu ga maganar ejan ɗin nan, kuma a nan zan tsaya, don ba ranar da ba na jin irinta. Kada ki kuskura. Duk wanda ya yi rajista a kwaleji bayan sakandare, fam ɗin neman gurbi yana tambayarsa a fili, kuma a ƙarshe ya sa hannu cewa abin da ya rubuta gaskiya ne. Shirun da ake ce miki dabara ne, ƙarya ce a rubuce da sunanki a ƙasa. Kuma ba ta ɓoyuwa. Akwai hukumar National Student Clearinghouse da kusan dukkan kwalejojin Amurka ke aika wa sunayen masu rajista, makaranta na iya bincikawa cikin ɗan lokaci. Ke kuma naki ya fi sauƙin ganowa, domin kina da lamba a SEVIS, rumbun bayanan ɗalibai baƙi na gwamnatin Amurka. Ranar da sabuwar makaranta za ta ba ki takardar I-20, wato shaidar ɗaukar ɗalibi baƙo da bizar karatu ta dogara a kai, sai kwalejin da kike ta saki bayananki zuwa gare ta. To ta yaya za ki ce ba ki taɓa shiga kwalejin da ita ce za ta miƙa ki ba? Ki tambayi ejan ɗin wannan, ki ji abin da zai ce.

Idan aka gano, ana janye gurbin. Idan sai bayan kin shiga aka gano, ana iya korar ki, takardar zamanki ta faɗi tare da karatun. In kuwa ƙaryar ta shiga takardun biza, dokar shige da fice ta Amurka na iya haramta wa mutum shiga ƙasar har abada. Shi ejan ya riga ya karɓi kuɗinsa, babu sa hannunsa a ko'ina. Abin da ke ƙona min rai shi ne iyaye su sayar da fili ko gwala-gwalai su miƙa wa mutumin da bai taɓa karanta ƙa'idar makarantar da yake ambato ba, alhali ofisoshin EducationUSA, cibiyoyin gwamnatin Amurka na masu neman karatu a can, a Abuja da Legas suna ba da shawara kyauta, kuma kwalejinki tana da jami'in kula da masu taransifa da aka ɗauka don wannan aikin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ana neman ki haƙa shi a kan C guda biyu da layi uku na bayani zai wanke.

Ki rubuta abin da ya faru a zangon farko a taƙaice, ba tare da neman tausayi ba. Ki nemi wasiƙun shaida daga malaman kwaleji biyu da suka san ki a aji. A maƙalarki ki faɗi darussa da sashen da kike nema a can, kada ki zagi inda kike.

Abin da ya kamata ya hana ki barci shi ne kuɗi. Shekara ɗaya a irin waɗannan kwalejoji ta haura dala 80,000, kuma wasunsu ba sa ba baƙo mai taransifa tallafi ko sisi. Ki aika wa kowane ofishin ɗaukar ɗalibai saƙo ki tambaya kai tsaye kafin ki biya kuɗin fam, sannan ki duba tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke na ɗaliban kwalejojin al'umma. Yawancin kwalejojin suna rufe karɓar takardu ne tsakanin Maris da Afrilu, kuma suna so ki yi aƙalla shekara biyu a wurinsu kafin su ba ki digiri, don haka wannan shekarar ce taki ta nema. Ki haɗa da Jami'ar Maryland da wasu biyu ko uku da kika san za su ɗauke ki.