Kek Ɗina Yana Mannewa a Kwanon Silba

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Na sayi kwanukan gasa kek na silba a kasuwar Wunti, wlh duk sanda na gasa sai ya manne, gefe ya yi baƙi amma tsakiya ɗanye. A tukunyar yashi nake gashi kan gawayi. Daga wata 'yar'uwa a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, kar ki yar da kwanukanki. Silba ba ya raba zafi daidai kamar alminiyum, shi ya sa inda wuta ta fi bugawa nan yake ƙonewa alhali ciki bai nuna ba, balle in kwanon marar kauri ne. To ki rage gawayin ƙasa sosai ki ɗora kaɗan a kan murfi, yashin ya yi zafi tukuna kafin ki saka, kuma kar kwanon ya zauna kai tsaye a kan yashi, ki ɗora shi a kan duwatsu uku ƙanana, sannan ki ƙara masa kamar minti biyar zuwa goma. Masu obin su sauko da zafin daga digiri 180 zuwa 170.

Maganar mannewa kuma, shafa bota ko'ina har lungu-lungu ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe, in ya gasu ki bar shi ya huce minti goma kafin ki juye.

Ni dai ina son silba, ba ya tsatsa da wuri, kuma lemun tsami ba ya cin sa. Amma banda soson waya wajen wanki, jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu ya isa.