Abin da haske ba ya fita daga cikinsa, ta yaya aka auna nauyinsa?

Tambaya: An ce ko haske ba ya kuɓuta daga baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin ja. To da me aka tabbatar da samuwarsa, har ake cewa yana girma tare da galaksin (babban tarin taurari) da yake ciki?

Amsa: Maƙwabtansa ake sa wa ido. A tsakiyar galaksinmu akwai tauraron S2 da ke kewaya wani wuri da ba a ganin komai, yana gama zagaye ɗaya cikin shekara 16. Da ya matso kusa a Mayun 2018, gudunsa ya haura kilomita 7,000 a daƙiƙa guda. Idan ka san faɗin zagayen da lokacinsa, lissafi zai ba ka nauyin abin da ke riƙe da shi: kamar nauyin rana sau miliyan 4, a cunkushe a ɗan taƙi, wato baƙin rami ke nan. Ƙura ta tare hanya, sai da hasken infared, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura, aka iya leƙa wurin. Wannan aiki ya ba Reinhard Genzel da Andrea Ghez kyautar Nobel a 2020. A 2019 kuma aka fitar da hoton inuwar ramin galaksin M87.

Batun girma tare ya fi jan hankalina. A galaksi mai nisa ba a iya bin tauraro ɗaya-ɗaya, sai a tsaga hasken tsakiyarsa a ga yadda gudun taurari ya bambanta. A 2000 aka nuna cewa inda taurarin dunƙulen da ke tsakiyar galaksi suka fi gudu, ramin ya fi nauyi. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na dunƙulen ba, kuma jansa bai isa ya juya taurarin da ke nesa ba. To me ya haɗa su? Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne iskar gas: ita ke haifar taurari, ita ke ciyar da ramin. Idan ya ci da yawa, zafi da feshin da ke tashi a gefensa sai su kori gas ɗin, cinsa ya tsaya, haihuwar taurari ta ragu. Duka biyun sun kai ƙololuwa kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce.

A yi hattara dai: idan madubin hangen nesa bai iya ware ɗan yankin da jan ramin ya rinjaya ba, awon kan kauce. Madubin James Webb ma ya gano ramuka a farkon halitta da suka yi wa galaksinsu nauyi fiye da wannan ƙa'ida, alamar wasu sun riga taurarinsu girma.