Kaduna zuwa Jos a kan keke: gorar ruwa ɗaya ta isa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mu huɗu ne masu atisayen keke a Tudun Wada, Kaduna. Muna shirin zuwa Jos ta Kachia da Kafanchan a watan Janairu, daga baya mu gwada bakin teku a Legas. Babbanmu ya ce a kan dutse ba a gumi, gora ɗaya ta ishi mutum. Hankalina bai kwanta ba, don bara jiri ya kayar da ni a hanyar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gara da hankalin naka bai kwanta ba.

Kaduna tana wajen mita 600 sama da teku, Jos kuma wajen 1,200. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kamar digiri 6, kun ga ratar ba ta wuce digiri 4 ba. Wahalar tana asuba, don a Janairu sanyin Jos kan sauko kusa da digiri 10. Bayan Hawan Kibo, wato hawan nan mai tsayi a hanyar shiga Jos, in kuka samu gangara da jiƙaƙƙiyar riga, iska za ta sa haƙora su kaɗa. Ku riƙe rigar sanyi marar nauyi. 

To, maganar babban naku. Wallahi na gaji da jin ta. Wa ya ce ba a gumi? Ana yi sarai, hunturu ne ke shanye shi tun bai gangaro ba. Iskar ta bushe ƙayau, kana haki baki buɗe a kan hawa, kowane numfashi da ruwan da yake fita da shi. Sanyi kuma yana danne ƙishirwa, sai mutum ya ɗauka lafiya lau yake. In ka sauka, duba igiyar hularka da bayan rigarka: farin nan kamar an barbaɗa kanwa, gishirin jikinka ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da ke biyo baya. Kai ya fara sarawa, ƙafa ta riƙe, sai a tsaya a tasha wajen mai tallan magani a faranti, ya ƙulla "haɗi" a leda, magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, wani har da tramol. Jiki ba ruwa, an ɗora masa waɗannan, ƙoda ce ke biyan bashin. Mai farantin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, mu ake kawo wa yaro fitsarinsa kamar baƙin shayi. Kuma a ce ai sanyin Jos ne ya kama shi!

Ku riƙa kurɓa ko ba ƙishirwa, kamar rabin lita a awa, ku ƙara a kan hawa. Gora guda a zuba mata ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis; in babu, sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya. Fitsari ya yi duhu, ko wani ya fara magana ba kan gado, tafiya ta ƙare a nan, a nemi asibiti.

Legas kuwa akasin haka ce: iska cike da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Ku fita bayan sallar asuba, don da rana iskar teku kan taso ta yi ta tura ku gefe. Ku duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, kafin ku ɗaura kaya.