Ɗan'uwa mai BMW E46, kar ka bari a yanka maka sifirin

Assalamu alaikum. Tun da asuba na ga tambayarka, na wuce, na kasa haƙuri na sake dawowa, don wallahi kamar ni na rubuta ta. Ka ce BMW 330i ɗinka, ƙirar E46, tana kwanciya gefe guda in ka shiga kwana, in gudu ya wuce 120 kuma sai ka ji gabanta yana yawo kamar kwalekwale, sannan makanikenka ya ce a rage zagaye ɗaya da rabi a kowane sifirin, motar ta zauna ƙasa ta kama hanya. Kana tambaya ko ka yarda, ko ka tara kuɗin koyiloba, wato shokozoba haɗe da sifirin mai zaren da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Don girman Allah, ɗan'uwa, kar ka bar masa makullin motar nan.

Tawa ma 330i ce, mai giyar hannu, kuma ciwon da kake faɗa shi ne ya kai ni inda ya kai ni. Bambancinmu kawai, ni ban ma yarda a yanka ba. Kuɗi na ƙirga na ba makanikena, na ce a nemo min sifirin na sauke mota na ainihi. Mutumin nan shekara shida muna tare. Ya ci abinci a gidana ranar sunan ɗiyata, in na yi tafiya shi nake bar wa motar. Ya ce akwai abokinsa a Legas da ke da saiti ɗan Beljiyam da aka cire a jikin wata mota, na ce to. Kwana huɗu ya kira ni. Na je na tarar da motar ta zauna, taya ta kusa shigewa cikin fenda, na leƙa na hango sifirin ja wur. Har tukuici na ƙara masa, da zuciya ɗaya.

Satin farko na ji daɗi, don ta daina kwanciya a kwana. Amma ko tsakuwa na taka sai na ji ta a ƙashin bayana. Na koma masa, ya ce in yi haƙuri, sai sun zauna. Wata biyu, na kai faci, mai facin ya kira ni ya nuna min cikin tayoyin gaba: waya ta fito ta gefen ciki, gefen waje kuwa kamar sabo. Na sake koma masa, ya ce tayoyin ne ba su da kyau. Duk na yarda, saboda mutum ne da na ɗauka ɗan'uwa.

Sai daren da ba na mantawa. Cikin watan Agusta ne, muna dawowa Kano daga ta'aziyya a Zariya, Hajiya mahaifiyata a baya, ƙanina a gaba, ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya. Ba gudu nake ba, ban kai 90 ba, don tsohuwa ce a motar. Akwai wani wuri da kwalta ta lotsa, ruwa ya rufe shi. Abin da na ji kawai ƙara ce kamar an buga guduma a ƙarƙashin ƙafata. Bayan motar ya yi tsalle ya bar ƙasa, sitiyari ya fizge daga hannuna, muka juya muna kallon daji. Allah ne kaɗai ya sa babu tirela a bayanmu a wannan daƙiƙar. Da na daidaita ta sai ga jar fitilar baƙin mai ta kama. Ka san a E46 in rawaya ce mai ne ya yi ƙasa, in ja ce ƙarfin tura man ne ya tafi, a kashe inji nan take. Na san haka. Amma dare ne, daji ne, ga mahaifiyata, sai na ce bari in lallaɓa zuwa inda akwai haske da mutane. Ban yi nisan kirki ba injin ya fara ƙwanƙwasa. Kwanon baƙin man alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, lita 6.5 duk ta tsiyaye a kan titi.

Mun fi awa uku a wurin kafin wani abokina ya iso. Hajiya ba ta ce min komai ba. Ta dafe ƙugunta tana ta salati, da muka isa gida ta ce, “Allah ya tsare gaba.” Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Dama tana fama da ciwon baya, bugun nan ya kwantar da ita kusan sati biyu, kuma har na gyara motar ba ta ƙara shigarta ba. In za ta unguwa sai ta ce a kira mata mai adaidaita. Ina rubuta maka wannan ina jin abin a maƙogwarona.

Washegari janwe ya kawo motar, na kai ta wurin wani dattijon makanike da ban taɓa hulɗa da shi ba. Ya sa ta a rami, ya ɗauki sukundireba ya kankare jan fentin, sai ga baƙi a ƙasa. Sifirin ɗina ne na asali. Na gaba an yanke su da injin yankan ƙarfe, bakin yankan ko gogewa ba a yi ba. Na baya, tunda masu tumbi ne, bakinsu tsukakke sama da ƙasa, in an yanka ba za su zauna a mazauninsu ba, sai ya gasa su da wutar walda har suka lotse. Ɗaya ma ya tsage. Shokozoba biyu sun zubar da mai, robar da ke tare shokozoba in ta kai ƙarshe ta zama gari. Wato wata biyu ina yawo da iyalina a kan mota da ba ta da sauran wurin lotsawa. Da na tunkari makanikena na farko, sai da ya rantse, da na ajiye masa sifirin ɗin a gabansa sai ya ce, “Alhaji, ai kowa haka yake yi.” Ko haƙuri bai ba ni ba. Manya suka shiga tsakani na bar shi da Allah, amma har yau in na bi ta layin garejinsa sai na kau da kai. Ba kuɗin ne ke ƙona min rai ba. Ya san wa nake ɗauka a motar nan, ya sha gaishe da Hajiya.

To, komawa kan taka. Wannan yawo da kake ji a gudu, kusan na tabbata ba tsayin motar ne ya kawo shi ba. E46 mafi ƙarancin shekaru a yau ta doshi shekara 20, don a 2006 aka rufe ƙera su. Shokozoba ta gaji, kuma bushin ɗin nan, wato robar da ke bayan lowa'am na gaba (hannun ƙasa da ke riƙe taya), kowa a nan ya san shi ne ciwon motar. In ya mutu, kana taka birki za ka ji sitiyari na rawa, mota na bin duk wani layi da ke jikin kwalta. Duba shi, duba boljoyin (mahaɗar lowa'am da ƙafar taya) da tayarod (sandar da ke kai murɗin sitiyari ga taya), duba bushin na hannun baya, duba roban saman shokozoba ta baya, su ma suna yagewa. Ni da dattijon nan ya sa min sabbin bushin na kamfanin Lemförder da shokozoba masu rai, tun kafin a sauke ta ko da milimita ɗaya, na ji motar da ban taɓa tuƙawa ba. Wannan tun farko shi nake nema ban sani ba.

Sauke mota yana da amfani, ban ce babu ba. Tsakiyar nauyinta yana matsowa ƙasa, nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana yana raguwa. Amma yi lissafi: tsakiyar nauyin irin motocin nan yana wajen rabin mita daga ƙasa. In ka sauke milimita 30, abin da ka rage bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Yawancin daɗin da mutane ke ji bayan sun sauke mota daga taurin sabon sifirin ne da sabuwar shokozoba. Kuma in ka zarce, abin juyewa yake. Gaban E46 tsarin MacPherson ne, wato shokozoba da sifirin a haɗe suke riƙe taya ta sama, lowa'am ta ƙasa. Lowa'am ya kamata ya kwanta kusan miƙe, ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. In ka sauke da yawa har ya koma yana hawa sama ta wajen taya, motar sai ta ƙara son kwanciya a kwana, dole sai an ƙara tauri don a danne ta. Tayarod shi ma kusurwarsa ta canza, shi ya sa duk ramin da ka faɗa sai taya ta juya da kanta ba ka murɗa sitiyari ba. Abin da ya fizge min sitiyari a daren nan ke nan, haɗe da bugun ƙarshen shokozoba. Tayar da ke tsalle ba ta kama komai.

Kamfanin BMW da kansa, a masu saitinsa na gudu da ake kira M Sport, wajen milimita 15 kawai ya sauke. A hanyoyin Jamus fa ke nan. Mu da muke da silodan a kowane layi, da kwalbatin ƙofar gida da kowa ke ginawa yadda ya ga dama, ni ban ba ka shawarar wuce 25 zuwa 30 ba. Sifirin ɗin Eibach Pro-Kit a wajen nan yake, H&R ma suna da irinsa, sai dai wasu nasu sun fi sauka. Abin da ba na so ka yi shi ne ɗora gajeren sifirin a kan tsohuwar shokozoba. Za ta riƙa aiki a matse, ba ta da ƙarfin riƙe taurinsa, ba za ta daɗe ba. Kamfanin Bilstein suna da shokozoba B6 don mota mai tsayin asali, B8 kuma an gajarta ta musamman don wadda aka sauke, har suna haɗa B8 da sifirin Eibach su sayar a kwali ɗaya da sunan B12. Shi ne a tawa yanzu. In kuɗin bai kai ba, wallahi sabuwar shokozobar Sachs da sifirin ɗinka na asali sun fi duk wani yanke-yanke.

Koyiloba kuwa, in ta kirki ce irin KW ko Bilstein B14, ba ni da ta cewa, sai dai kuɗi. Waɗannan marasa suna masu kala-kala da ake tallatawa da araha, araha ba ta ado. Tauri ne kawai babu riƙo, ga ƙurar hunturu da ruwan damina suna cinye zaren, bayan shekara ka zo ɗagawa ka tarar ya kafe. Kuma duk wanda na sani da ya sa koyiloba, sai zuciya ta ja shi ya murɗe ta har ƙasa don hoto.

Af, taya. Kar ka haɗa saukewa da rim 18 a lokaci guda. Taya mai lamba 225/45 R17 tsayin gefenta wajen milimita 101 ne, 225/40 R18 kuwa 90. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin ka wuce rami lafiya da ka lanƙwasa rim. Kuma in tayar Beljiyam kake saye, karanta lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT da ke jikinta: biyun farko satin da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Na ga yara suna zuba dukiya a ƙafar mota, suna yawo da tayar da ta shekara tara, ta bushe kamar ƙirgi. Su ne kuma za ka gani ranar ɗaurin aure suna juya mota a tsakiyar titi cikin mutane. Abin nan yana ɓata min rai ƙwarai, don saboda su ake yi wa duk mai BMW kallon marar tarbiyya, kuma ran da ƙarfe ya karye ba su kaɗai zai shafa ba.

Tunda za a shiga ƙarƙashin motar, ka sa a haska maka inda ƙarfen da ke riƙe aksul ɗin baya ya ɗaure da bodi. E46 tana tsagewa a nan, kuma ƙara tauri a kan hanyoyinmu ba ya taimaka mata. Tawa an samu ɗan tsagu a gefen hagu, aka yi walda aka ƙara faranti.

Ranar aikin ka ɗauki hutu ka zauna a garejin. Ka buɗe kwalin da hannunka, ka duba lambar da aka buga a jikin sifirin ta yi daidai da ta takarda, ka karɓi tsofaffin ka sa a but ɗinka. Da na nemi tsofaffina a wancan lokacin, da asirinsa ya tonu tun ranar. Ka tsaya a kansu kar su ɗaure kusoshin bushin alhali motar na rataye a jak, sai ta sauka nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. In fitilarka zenon ce, akwai ɗan sanda mai auna tsayin mota a jikin lowa'am, yaran gareji suna yawan karya shi. Bayan an gama ka yi kwana biyu-uku kana hawa, sannan ka kai alaimen na kwamfuta, tayoyi huɗu, ba na igiya ba. Baya ana iya gyara kamba, wato karkatar taya ciki ko waje, da saitin kallon taya, gaba kuwa kamba kusan ba ta gyaruwa sai da ƙarin faranti na sama, wani dalilin ke nan na kar ka zurfafa. Kuma ka nemi mai walda ya yi maka farantin kariya a ƙarƙashin kwanon baƙin mai.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ajiye ta a wuri mai lebur, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a duk kusurwa huɗu, ka turo mana lambobin. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka ɗauki hoton cikin tayoyin gaba da jikin shokozoba, mu ga ko akwai jiƙar mai. In kana Kano ka yi min magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar na zo mu shiga ƙarƙashinta tare, sifirin nan da aka gasa ma suna nan a gidana, zan taho maka da su ka riƙe a hannunka.